Takarda a Cikin Buhun Shinkafa

Garin Bulama, Jihar Barno
26 ga Mayu, 2013

Zuwa ga mahaifina, Malam Iliyasu, Unguwar Tambaya, Bunkure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwa? Ina fatan kun daina shiga kanal da kanku kuna buɗe ruwa, tunda ga masu yi. Ni ma lafiyata ƙalau, sai zafin rana da kewar gida.

Baba, na san hankalinku ya tashi da kuka yi ta kira waya ba ta shiga. Ba lalacewa ta yi ba. Tun da aka sa dokar ta-ɓaci aka ɗauke sabis a jihar nan gaba ɗaya, wayoyinmu sun koma agogo da tocila. Allah ya taimake ni yau na ga Ɗanladi direba a kasuwa yana sauke shinkafar Kura, shi ne na ce ya jira ni in rubuta. Ya ce duk bayan sati biyu yana zuwa, ya koma da wake. Kun ga mun sami ɗan aike.

Makaranta muna nan muna yi. Mu huɗu ne malamai, sai hedimasta. Ɗaki ɗaya muke da Malam Sagiru, ɗan Kumbotso, mai koyar da lissafi. Shi ke girki ni ke wanki, don ya ce shinkafata ko kaza sai ta yi tunani kafin ta ci. Yana gaishe ku.

Ga abin da ya sa na matsu in rubuto. Kullum da safe yaranmu suna tsayawa gaban tuta, hannu a ƙirji, suna faɗin alkawarin ƙasa da Turanci, amma in ka tambayi yaro me ya ce sai ya zuba maka ido. Yanzu kuma wasu iyaye sun fara ƙorafi, wai ana rantsar da 'ya'yansu da ƙyalle, wai bautar tuta ce. Gida bakwai sun janye yaransu. Ranar Juma'a wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce in gaya masa wa ya kawo abin nan, kuma me ake nufi da shi. Wallahi Baba kame-kame na yi ta yi, har ya girgiza kai ya wuce. Ku kuka shekara talatin da biyar kuna tsayar da yara gaban tuta. Ku rubuto mini asalinsa da ma'anarsa da Hausa, yadda zan yi wa tsoho bayani ya gamsu.

Kar ku damu da abin da kuke ji a rediyo, can nesa da mu ne. Nan ƙauye ne, ba mu da abin da za a zo nema. Sai dai mutane sun rage hira a bakin kasuwa, kuma masu bindigar nan na daji ba a kiran sunansu, "yaran nan" kawai ake cewa, shi ma ƙasa-ƙasa. Kar ku karanta wa Inna wannan layin.

Ɗanku,
Mudassiru


Unguwar Tambaya
Laraba, ana yankan shinkafar rani

Mudassiru,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso bayan ta sha baƙin mai a aljihun Ɗanladi. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Gwiwa tana nan, kanal kuma ina shiga, don in na bar wa 'yan ƙwadago sai su ba maƙwabci ruwana ina zaune. Layin da ka ce in tsallake, innarka ta ga idona ya yi tsalle, sai da na koma na karanta mata. Ka san halinta. Rubutunka kuma ya lalace. Malami guda yana rubutu kamar kaza ta bi ta kan sabon siminti, haba!

To ji nan. A shekarar 1976 ina ɗan shekara ashirin, sabon malami fil, da wandona mai faɗin ƙafa. A shekarar aka buɗe firamare kyauta ga kowa. Ajinmu rumfar kara ce a gefen kanal ɗin da ake haƙawa lokacin, kana koyar da baƙi da wasali katafila tana ruri a bayanka. Yaƙin basasa bai fi shekara shida da ƙarewa ba. A garin nan akwai gidajen da aka tafi ba a dawo ba, kawuna Fatihu yana cikinsu, ko takalminsa ba mu gani ba. Mutane suna tsoron kar ƙasar ta sake darewa. Abin da aka gaya mana a kwas shi ne, wata malama ce daga kudu ta tsara kalmomin, aka buga a jarida, gwamnatin soja ta ɗauka ta ce kowace makaranta a riƙa faɗa da safe. Ita tutar ta girme shi. Wani ɗalibi ne ya zana ta gab da samun 'yancin kai, kore don noma, fari don zaman lafiya.

Ƙorafin da kake ji, ka ɗauka a kanka aka fara? Sati ɗaya da fara yi sai ga marigayi Liman Dattijo da sandarsa a bakin rumfa. Ya ce, "Iliyasu, da wa kake rantsar da 'ya'yan mutane?" Na miƙe da sauri, don shi ya raɗa mini suna. Na ce, "Allah gafarta Malam, ku zauna in fassara muku." Na shimfiɗa masa buzu na bi masa layi-layi.

Ga abin da na gaya masa, kai ma shi za ka faɗa. Na farko, ba rantsuwa ba ce, alkawari ne. Ba wanda ya ce ya rantse da tuta, ko sunanta ma babu a ciki, ka duba da kyau. Ƙasar ake wa alkawari, wato mutanen da ke cikinta. Tutar alama ce kawai, kamar turken da ke iyakar gonata da ta maƙwabci. Yaron cewa yake zai riƙe amana, ba zai yi ha'inci ba, zai yi wa ƙasarsa aiki iya ƙarfinsa, ba zai yarda a raba ta ba, ba zai zubar mata da mutunci ba. Ya gama kuma Allah yake roƙo ya taimake shi ya cika. Liman ya shafa gemu ya ce, "To wanne ne a ciki ba ma faɗa a huɗuba?" Ya tashi, ya nuna ni da sanda ya ce, "Amma kar in ga an rusuna mata." Na ce ai ba a rusunawa, miƙewa ake. Washegari ya kawo jikokinsa uku da hannunsa.

Saboda haka kar in ƙara jin wani tsoho ya tare ka kana inda-inda. Masu surutu za su yi su gaji. Ni na ɗaga tutar nan shekara talatin da biyar, da ruwa da iska, ban taɓa sauke ta don wani ya murtuke mini fuska ba. Malamin da ya sauke tuta don tsoro, ya ɗauki jaka ya bar 'ya'yan mutane, ba malami ba ne, kuma in daga gidana ya fito kar ya dawo mini gida. Ka tsaya a wurin aikinka.

Shinkafa ta yi kyau bana, sai dai tsuntsaye sun ci rabonsu. In an casa zan aiko maka da buhu ɗaya. Ka gai da abokin naka mai girki, ka ce Allah ya yi masa albarka da ya raba ka da tukunya.

Mahaifinka,
Iliyasu


Unguwar Tambaya
Alhamis, an fara dashen damina

Mudassiru,

Sallama da gaisuwa. Muna nan da rai, amma lafiya dai da sauƙi, don innarka kwana huɗu ke nan abinci ba ya wuce mata. Ina roƙon Allah ya sa kana lafiya.

Ka tattaro ka taho gida. Yanzu, ba sai an yi hutu ba.

Mun ji a rediyo an shiga makarantu an kashe malamai da ɗalibai. Ina gona na ji, rediyon tana rataye a wuyana, wallahi ban san lokacin da na zauna cikin taɓo ba. Shekaranjiya kuma Ɗanladi ya dawo. Ashe motarsa lalacewa ta yi a Potiskum, ya kwana goma yana jiran gyara, takardata kuwa ya ba wani direban wake ya kai maka. Ban san ko ta same ka ba, ina ma a ce ta faɗa rijiya. Ya zauna a zaurena yana ba ni labari, ruwan da na ba shi rabi a rigarsa ya ƙare. Ya ce yaran nan suna tare hanya, su sauke kowa, su laluba aljihu suna neman kati ko takarda. Wanda suka gane malamin boko ne ko ma'aikaci sai su ware shi gefe. Motar ta tafi ta bar shi.

Waccan takardar, in ta iso, ka yayyaga ta. Da masu ƙorafi a ƙofar masallaci nake, ban san da masu bindiga ake magana ba. Bakina ne, ka san shi, in ya fara ba ya jin birki. Na janye abin da na faɗa, kaf. Ka sauke tutar, ka ninke ta da mutunci ka miƙa wa hedimasta. Ka ƙona katinka na aiki. Ka sa tsofaffin kaya ka hau bayan motar wake. In an tambaye ka ka ce manomi ne kai daga Bunkure, ba ƙarya ka yi ba, ka nuna musu tafin hannunka. Ka taho da yaron nan ɗan Kumbotso, shi ma yana da iyaye.

Za ka yi mamakin inda ka tsinci wannan. Ɗanladi ya ce ya gama ɗaukar takardar kowa, don a hanya sai an sa direba ya rantse da Allah babu takarda a motarsa. Ban ga laifinsa ba. Shi ya sa ba mu gaya masa tana cikin buhun shinkafarka ba. In an tare shi ya rantse da gaskiyarsa, ni ba zan sa Musulmi rantsuwar ƙarya ba, kuma fuskar Ɗanladi ba ta iya ɓoye ko satar goro. Innarka za ta naɗe ta a leda ninki uku ta tura cikin buhun, in ɗinke bakin da basilla. Na san ranar da ya iso za ka zazzage shi a tabarma ya sha iska a tsince tsakuwa, yadda ake yi a gidan nan tun kana rarrafe. Sabuwar casa ce, ba a barin ta a buhu.

Ka biyo Ɗanladi a wannan zuwan. Ina jiran ka a tashar Kura ranar da zai dawo.

Mahaifinka,
Iliyasu


Garin Bulama
28 ga Yuni, 2013

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, ina gai da Inna. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, dashe kuma ya kama. Ina lafiya. Wannan takardar maƙwabciyarmu Hajiya Aziza ce za ta kawo, za ta kai mijinta asibiti Kano, ta ce a ɗankwalinta za ta sa.

Baba, na gode da takardarku ta tarihin alkawari. Ranar Litinin wani direban da ban sani ba ya miƙo mini ita. Bari in gaya muku yadda ta same mu, don ban so ku ji a bakin wani.

Kwana goma da suka wuce mun tashi mun tarar an liƙa takarda a ƙofar ofis, an ce a rufe makaranta, a sauke tuta, wanda ya ƙi ya kuka da kansa. Hedimasta ya ce zai je ya ga iyalinsa, bai dawo ba. Malamai biyu suka bi shi. Saura ni da Sagiru. Ba zan ɓoye muku ba, mu ma ranar Lahadi mun ɗaure jakunkuna, mun yanke za mu bi motar kasuwa ranar Talata. Sai ga takardarku. Babu kwanan wata a kai, amma na ga kun ce ana yanka, na kuma san gonakin ƙarshen kanal sai yanzu ake yanke su, don haka na gane kun rubuta ne bayan kun ji abin da ya faru a rediyo. Kun ji komai, kuka ce in tsaya.

Na karanta wa Sagiru a fili, sau biyu. Sai ya jawo jakarsa ya fara fito da kaya, ya ce, "Tsohon nan ya fi mu gaskiya. In mun tafi wa zai yi wa 'yan aji shida jarrabawa?" Ni kunya ce ta hana ni ɗaga kai.

Jiya kuma Ɗanladi ya kawo buhun shinkafa. Na ce, "Babu takarda?" Ya ce, "Wallahi ko ƙyalle ba a ba ni ba." Ya ce in hau mu tafi, wannan ne zuwansa na ƙarshe. Na ce Baba ya riga ya yi magana. Na gane tunda ba ku ƙara komai ba, kun gama abin da za ku faɗa ke nan. Mun farke bakin buhun muna ɗiba daga sama, Sagiru ya ce a gaya wa Inna bai taɓa cin mai daɗinta ba.

Bayaninku ya yi aiki. Sagiru ya kwafe shi a takarda, shi ke karanta wa yara bayan sun faɗa da Turanci. Dattijon nan na masallaci na same shi na bi masa yadda kuka bi wa Liman, ya dawo da jikarsa. Amma yara daga ɗari uku sun koma arba'in da shida. Tutar ba ma barin ta ta kwana a makaranta. In an tashi mu sauke mu tafi da ita ɗaki, da safe in sa ta a cikin riga in kawo.

Baba, tsoro nake ji. In ina jan igiyar tutar nan idona yana kan hanya, yara suna gani. Ko ƙarar babur na ji daga nesa sai in manta abin da nake rubutawa a allo. Ban san yadda kuka yi shekara talatin da biyar ba. Amma ba zan kunyata ku ba. Ranar ashirin da shida ga Yuli za a gama jarrabawa, in Allah ya kai mu sai in taho da fuskar da zan kalle ku. Ku sa mu a addu'a.

Ɗanku,
Mudassiru


Unguwar Tambaya
8 ga Yuli, 2013

Mudassiru,

Sallama. Ga kwanan wata nan na rubuta, abin da na shekara talatin da biyar ina dukan yara a kai ni ban yi ba. Muna raye. Allah ya sa kana raye.

Ka zazzage buhun! Kai, Mudassiru, ka zazzage buhun nan! Akwai takarda a ciki, a leda, wajen tsakiya. Wane irin ɗan Bunkure ne zai bar sabuwar casa a buhu yana ɗiba daga sama kamar ɗan birni? Ba a gabanka innarka take shimfiɗa tabarma ba?

A'a. Ba laifinka ba ne. Innarka ta ce a sa ta a baki-baki, inda hannu zai taɓa. Ni na ce ta tura can ciki, kar a soka ƙarfe a hanya a ji. Ta tura har kafaɗarta. Tun ranar da na karanta mata takardarka ba ta ce mini uffan ba, sai dai ta ajiye abinci ta juya. Na tsaya a tashar Kura ranar da Ɗanladi ya dawo, na ga ya sauko shi kaɗai. Da na gaya masa abin da ke cikin buhun sai ya dafe kai ya ce, "Malam, da kun raɗa mini ko a kunne." Yanzu Zariya yake yi, ya ce ko za a ba shi motar kyauta ba zai koma ba. Na je asibiti Kano na nemo Hajiya Aziza, an kwantar da mijin, ba za su koma ba sai bayan salla. Kwana uku ina zaga tasha da takarda a hannu, kowa ya ga ni sai ya kau da kai.

Kana tambayar yadda na yi shekara talatin da biyar. Bari in gaya maka gaskiya. Babu yadda na yi. Ba wanda ya taɓa nuna mini ko wuƙar yankan albasa. Babban abin da ya taɓa samun tutata shi ne akuya ta cinye igiyar. A kan wannan na zauna a inuwa na rubuta maka jarumtaka. Alkawarin cewa ya yi ka yi aiki iya ƙarfinka, bai ce ka tsaya a harbe ka a gindin sanda ba. Ƙasar nan malami mai rai take bukata, ni kuma ɗana nake so. Na fi son ka dawo a ce maka matsoraci, ni zan amsa sunan.

Makarantar da ke gefen gonata kullum da safe ina jin yara suna faɗa. Da can gyara musu nake daga cikin gona. Yanzu da sun fara sai in zauna a gaɓar kanal har su gama, don na san a daidai lokacin kai ma kana tsaye.

Wani mai kai albasa ya ce zai gwada, bai yi alkawari ba. Gobe ko jibi za a ga watan azumi. Ka taho, don girman Allah.

Mahaifinka,
Iliyasu


Gombe
25 ga Yuli, 2013

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Barkanku da shan ruwa. Ina gai da Inna. Jiya da na kira na ce muku ina raye, na ji Inna tana kuka tana hamdala, ku kuma kuna ta tambaya, sai na kashe wayar. Ba sabis ne ya yanke ba, ni ne. Sauran maganar ba za ta fito a bakina ba, shi ya sa na rubuta. Ƙafafuna sun kumbura saboda tafiya, ina gidan wani bawan Allah kusa da tasha, jibi zan taho. Direban motar Kano zai kawo muku wannan kafin ni.

Baba, Sagiru ya rasu.

Ranar Litinin ne, ranar da za a fara jarrabawa. Ya riga ni fita don ya kaɗa ƙararrawa, ni na tsaya ina haɗa takardun tambayoyi. Na sa tutar a cikin riga na fito. Ina daidai rijiyar unguwa na ji babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai na ga yara suna tahowa a guje, wasu ba takalmi. Wata 'yar aji biyar ta riƙe hannuna ta ce, "Malam kar ka je, sun ce mu tafi gida, sun riƙe Malam Sagiru." Ba ta rufe baki ba na ji harbi, sau uku.

Ban je ba, Baba. Da gudu na koma ɗaki. Na tuna abin da ke cikin rigata, na san in sun bi gida-gida suka same shi a jikina shi ke nan. Na rasa inda zan sa. Sai na durƙusa gaban buhun na cusa tutar cikin shinkafa, ina turawa ƙasa iya tsawon hannuna. A nan yatsuna suka taɓa leda.

A durƙushe na karanta. Hayaƙin ofishinmu yana shigowa ta taga, ina karanta inda kuka ce in taho da yaron nan ɗan Kumbotso, shi ma yana da iyaye. Kwana ashirin da biyar takardar nan tana ɗakinmu. Sagiru a jikin buhun yake jingina in zai yi makin littattafai. Kullum shi ke ɗiban shinkafar, saura kaɗan ya kai gare ta. Ban sani ba ko kun sake aiko wata, wannan ce ta ƙarshe da na gani.

Ba su shiga unguwa ba. Da suka tafi muka je muka ɗauko shi a gindin sandar tutar. Dattijon nan na masallaci shi ya yi masa wanka, muka binne shi bayan azahar da azumi a bakinmu. A aljihunsa an sami takardar da ya kwafi bayaninku, tana wurina. Na ƙona katina kamar yadda kuka ce. Da la'asar na bi wasu mutane ta cikin gonaki, kwana biyu muna tafe kafin mu sami mota. Tutar tana can a cikin buhun, ban koma ta kanta ba.

Ban ce laifinku ba ne. Ku kun rubuta, amma ni na karanta masa, sau biyu, har da gyara murya. Ya riga ya ɗaure jakarsa. Da na yi shiru na sa takardar a aljihu, da yanzu yana shan ruwa a gidansu.

Mahaifinsa Malam Abdulsamad yana sayar da hatsi a Kumbotso. Bai sani ba har yanzu. Ina da lambarsa, ga sabis a nan, na ɗauki wayar ya fi sau goma na ajiye. Su a saninsu gobe za a gama jarrabawa, suna can suna sa ran ganinsa da jaka. Zai tambaye mu me ya hana ɗansa tahowa lokacin da sauran malamai suka taho. Ku jira ni a tashar Kura ranar Asabar da rana, kar mu biya gida tukuna. Ku shirya mu je tare, Baba, ni kaɗai ba zan iya shiga gidan nan ba.

Ɗanku,
Mudassiru